An haifi ɗana a Ingila, babansa soja ya riƙe takardun

Tambaya: Barista, tsohon mijina hafsan sojan Najeriya ne. An tura shi kwas na shekara ɗaya a Ingila muka tafi tare, a can na haifi ɗanmu. Yana da wata biyar muka dawo, yanzu shekararsa bakwai. Aurenmu ya mutu bara. Yaro yana hannuna, amma baban ya ƙi ba ni takardar haihuwarsa da fasfonsa. Kowa ya san wanda aka haifa a can ɗan can ne, balle ɗan soja. Ina so in kai shi kotu in karɓar wa yarona haƙƙinsa.

Amsa: Malama, Allah Ya raya yaro. Ban ga takardunku ba, ban kuma ji ta bakin babansa ba, don haka duk abin da zan faɗa ya rataya ne a kan bayaninki. Idan yadda kika faɗa haka yake, ina tsoron haƙƙin da kike shirin shiga kotu dominsa babu shi tun farko.

Maganar cewa wanda aka haifa a Ingila ɗan Birtaniya ne ta taɓa zama gaskiya. Shi ya sa za ki ga dattawa masu fasfon can, don kawai iyayensu sun je karatu a shekarun 1960 da 1970 aka haife su. An rufe wannan ƙofar ranar 1 ga Janairun 1983, lokacin da dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta fara aiki. Tun daga ranar, haihuwa kaɗai ba ta isa. Sai uwa ko uba ya kasance ɗan Birtaniya a ranar haihuwar, ko kuma yana da izinin zama na dindindin. Hafsan da aka tura kwas baƙo ne mai ƙayyadadden lokaci, haka matarsa da ta bi shi. Yawanci labarin Amurka da Kanada ne mutane suke ɗorawa a kan Ingila, alhali kowace ƙasa da tata dokar.

Batun "ɗan soja" kuwa, na san inda ya samo asali, kuma nan ne aka fi rikicewa. Akwai tanadin da ya ce yaron da aka haifa a Birtaniya daga 13 ga Janairun 2010, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke aikin soja, ɗan ƙasa ne kai tsaye. Amma sojan Birtaniya ake nufi. 'Yan ƙasashen Kwamanwel, har da 'yan Najeriya da Ghana, suna shiga rundunar Birtaniya su sa kakinta su ci albashinta, kuma 'ya'yansu ne wannan tanadi ya shafa. Baban yaronki kakin Najeriya ya tafi da shi, da shi ya dawo. Zamansa a makarantar sojansu bai mayar da shi sojansu ba.

Akwai sauran hanyoyi na yin rajista, sai dai kada ki ɗora rai a kansu. Yaron da aka haifa a can ya kuma yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a can, ba tare da ya wuce kwana 90 a waje cikin kowace shekara ba, yana iya nema. Wannan ta wuce ku tun da kuka dawo yana jariri. Wadda ta rage ita ce idan ke ko babansa wani ya samu izinin zama na dindindin ko ya zama ɗan ƙasa kafin yaron ya cika 18. A nan haihuwarsa a can za ta yi masa rana. Sakataren harkokin cikin gida na Birtaniya yana kuma da ikon yi wa ƙaramin yaro rajista bisa ganin dama, amma a ganina da wuya a yi wa yaron da rayuwarsa gaba ɗaya a Najeriya take. Idan a danginku ko nasa akwai mai alaƙar zama ɗan Birtaniya da ba ki ambata ba, lissafin na iya sauyawa, sai lauyan shige da fice na can ya duba.

Ta ɓangarenmu babu matsala. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, matuƙar ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 28 kuma bai hana irinsa riƙe ƙasa biyu ba, in Allah Ya kawo ta biyun wata rana.

Takardar haihuwar da kike ta fama a kanta ba ta hannun mutum ɗaya ba ce. An yi wa haihuwar rajista a can, kuma babban ofishin rajista na Ingila da Wales yana bayar da kwafi mai hatimi ga wanda ya nema ta intanet ya biya kuɗin. Ki nemi cikakkiyar, mai ɗauke da sunayen iyaye. In ta zo ki duba ƙasanta, za ki ga gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa takardar ba shaida ba ce ta ko wane ne mai riƙe da ita. Wuri da ranar haihuwa take tabbatarwa, ba ta ba kowa ƙasa.

Fasfo ne ainihin matsalarki. Fasfon ƙaramin yaro shekara 5 yake yi, don haka fasfon da yaron ya dawo da shi yana jariri wa'adinsa ya riga ya ƙare. Sabo yana buƙatar lambar NIN da takardar amincewar iyaye, kuma bisa al'ada Hukumar Shige da Fice za ta so ganin hannun uba ko umarnin kotu. Ba na ganin dalilin da zai sa uba ya ɓoye wa uwar da ke ɗawainiya da yaro takardar haihuwarsa da fasfonsa. Mai yiwuwa tsoro yake kada ki fita da yaron ƙasar waje, amma ko da hakan ne, magana ake yi, ba kulle takarda a akwati ba.

Za ki iya zuwa kotu. Idan auren Musulunci kuka yi, kotun shari'a na iya tabbatar miki da riƙo, ta yanke ciyarwa, ta kuma umarce shi ya miƙa takardu. A mazhabar Malikiyya riƙon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, sai in wani dalili ya gitta, kamar sabon aure, amma uba yana nan a matsayin waliyyi. Abin da babu alƙalin Najeriya da zai iya shi ne ba yaronki ƙasar Birtaniya. Ki kuma yi hattara da masu cewa za su "haɗa" miki takardu: ƙarya a neman biza na iya jawo a hana ki shiga ƙasar har shekara 10.

Ni dai da sulhu zan fara. Ki samu waliyyinki da wani babba da baban yaron ke jin nauyinsa, ko ku je zauren sulhu na kotu idan jiharku tana da shi. Kai ƙara wurin kwamandansa ki bar shi a matakin ƙarshe, domin albashin da za a taɓa shi ne abincin ɗanki. A zaman, ki faɗa masa a fili cewa kin gane yaron ba shi da fasfon Birtaniya kuma ba gudu za ki yi da shi ba. Sannan a rubuta a sa hannu gaban shaidu: wa zai ajiye fasfo, yaushe zai sa hannu a sabunta shi, nawa ne ciyarwa a wata, da sharaɗin cewa babu mai fita da yaro waje sai da rubutaccen izinin ɗayan. Idan ya ƙi zama, ko ya sa hannu ya saɓa, ki ɗauki takardar saki da kwafin takardar haihuwar ki ga lauya a garinku.