Muna da rufin asiri, shin 'yarmu ta nemi tallafin karatu a Amurka?

Tambaya: Ni da maiɗakina muna aiki a jihar Maryland, abin da muke samu a shekara ya kai dala 180,000. 'Yarmu, haifaffiyar nan Amurka, za ta shiga jami'a baɗi. Gani nake cike fom ɗin tallafi wahalar banza ce, kuma ina jin nauyin kada mu ci haƙƙin 'ya'yan marasa ƙarfi. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ku cike. Ba kai za ka yanke wa kanka hukuncin cewa kana da hali ba, makaranta ce ke yin wannan lissafin, kuma tana yin sa ne gwargwadon tsadarta. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, kuɗin shekara guda da masauki da abinci ya haura dala 80,000. Shi ya sa jami'ar MIT a 2024, jami'ar Harvard kuma a 2025, suka sanar da yafe kuɗin makaranta ga yawancin iyalan da samunsu bai wuce dala 200,000 ba. Ka ga ke nan gidanka na iya shiga sahu.

Fom biyu ne. FAFSA na gwamnatin tarayya ne, kyauta ake cikewa, kuma babu wani adadin samu da ke hana mutum cika shi. Ba ya ƙirga gidan da kuke ciki ko ajiyarku ta ritaya. CSS Profile na College Board, wata ƙungiyar ilimi mai zaman kanta, kuwa ya fi bin diddigi, har darajar gida yana tambaya, kuma da shi jami'o'i da yawa masu zaman kansu ke raba kuɗin asusunsu. Kada ka sa rai da Pell Grant, tallafin gwamnatin tarayya da ba a biyan sa daga baya, wannan na masu ƙaramin ƙarfi ne. Nan ma amsar damuwarka take: ma'aunin ne ke tace mabuƙaci, cike fom ba ya ɗauke rabon kowa.

Akwai kuma batun gobe. FAFSA na duba harajin shekaru biyu baya ne. In aiki ya tsaya ko rashin lafiya ya shigo, Allah ya kiyaye, ofishin tallafi na makarantar na da ikon sake duba lamarinku, kuma abin ya fi sauri in takardunku na hannunsu. Wasu makarantun ma ba sa ba da kyautar hazaƙa sai sun ga fom ɗin.

Za a yi wa 'yarku tayin bashin gwamnati, har dala 5,500 a shekarar farko, ba tare da duba samunku ba. Ku sani yana da kuɗin ruwa, wanda ke fara hawa tun ranar da aka fitar da kuɗin. Ba dole ba ne a karɓa, kuna iya ƙin bashin ku riƙe sauran.

Inda nake cewa a yi hattara shi ne makarantun da ke duba aljihun iyaye kafin su ba da gurbi. A irinsu, neman tallafi na iya rage wa ɗalibin da ke kan gaɓa dama, don haka attajirin da ya tabbata ba zai samu komai ba yana iya haƙura. Ku tambayi kowace makaranta tsarinta, ku kuma gwada na'urar ƙiyasin kuɗi da ke shafinta na intanet.

Masu turo 'ya'ya daga Kano ko Yamai da bizar karatu, ku FAFSA ba naku ba ne. Kuma jami'o'i da dama ba sa bari ɗalibin ƙasar waje ya nemi tallafi daga baya in bai nema tun lokacin neman gurbi ba, ko da Naira ta faɗi a tsakiyar karatu.