Tambayoyinku kan salula da kwamfuta: QCM ɗin da kowa ya ci 20 bisa 20

Wani mushe (malamin makaranta) daga Garin Malam ya rubuto: "Na shirya wa ƴan ajin BEPC QCM (tambayoyin zaɓen amsa) a Google Forms, na tura musu ta WhatsApp. Kusan duka sun samu 20 bisa 20. In sa makin a kundi?"

Mushe, don Allah kar ka sa. Yaro ɗaya ka gwada, wanda ya fara amsawa. Ka bar Forms yana nuna amsar daidai da zarar an tura, shi kuwa ya ɗauki hoton allo ya watsa, sauran suka kwafe suna kishingiɗe a fada ana dafa shayi. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shiga saituna ka kashe nuna amsa, ka ce sai ka duba kafin maki ya fita, ka sa a riƙa cakuɗa jerin zaɓin, ka taƙaita amsa ɗaya ga kowa (sai da asusun Google, ka sani). Duk da haka ƙofar ba ta rufu ba. Tambaya 20, zaɓi huɗu-huɗu, wanda bai taɓa buɗe littafi ba ma zai iya tsintar kusan 5 da canki-canka. QCM na gida na bita ne. Ka duba tambayar da ta kayar da yawancinsu, ka sake koyar da ita washegari. Maki kuwa a aji, a gaban idonka. Ni manhajar Plickers nake so: salularka kaɗai, yara su ɗaga katin takarda, kyamara ta karanta, babu wanda zai ce forfe ya ƙare.

Wata ɗalibar Jami'ar André Salifou, kan Kahoot, manhajar wasan kacici-kacici: "Kahoot yana fitar da ni tsakiyar wasa."

Rezo ne, ƙanwata. Matsa kusa da taga, ki rufe TikTok ɗin da ke buɗe a baya. Na san yana buɗe.

Daga Zango: "Zan iya yi wa abokaina QCM ba tare da kwamfuta ba?"

Telegram. Tun 2020 ƙuri'arsa tana da yanayin kacici-kacici, ka zaɓi amsar daidai, ka tura a rukuni. Minti biyu ya ishe ka, in ba rubutunka na da nawa ba.