Amsa ga mai tambaya kan maganin ƙurajen fuska

Ƙanwata, kin ce ƙananan ƙuraje suna fito miki a goshi da haɓa, kina neman abin da za ki saya ba tare da takardar likita ba. Ki je farmasi ki nemi man shafawa mai sinadarin benzoyil feroksaid. A kwalin za ki ga an rubuta shi da Faransanci, peroxyde de benzoyle. Mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari ya isa. Yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ramukan fata, yana kuma buɗe waɗanda maiƙo ya toshe. Da dare, bayan kin wanke fuska da sabulu mai laushi, ki shafa kaɗan. Makon farko ki riƙa tsallake kwana guda, domin yana busar da fata, balle da hunturun Damagaram. Yana kuma koɗar da launin zane da matashin kai, ki kula.

Sai haƙuri. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji.

Abin da na fi roƙonki, ki guji mayukan ƙara haske da ake tallatawa a kasuwar Dole ta Damagaram da kan teburan unguwa. Da yawansu suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi da ake kira sitiroyid, irin su kulobetasol. Kwana kaɗan fuska ta yi sumul, daga baya ƙuraje su dawo fiye da da, fata ta yi siriri. Kada ki riƙa matsa ƙurajen, shi ke barin baƙin tabo.

In sun zama manya masu zafi da mugunya, ko kina da juna biyu, ki ga likita tukuna.