Tambaya da Amsa: Kalmomin abota da na soyayya a bakin mutanen Ostareliya

Tambaya: Malam, ina karatu a birnin Melbon, kuma kowa yana kirana "mate", har direban bas. Shin sun ɗauke ni aboki ne? Ta yaya kuma zan gane cewa zance ya tashi daga abota ya koma soyayya? Daga wani ɗalibi a Melbon.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ɗora wa "mate" nauyin da ba ta da shi, domin ana faɗinta ga aminin ƙuruciya, ana faɗinta ga wanda ba a san sunansa ba, har ga wanda ake shirin yi wa faɗa, sai dai murya ta bambance. Duk da haka suna ji da ita matuƙa, shi ya sa a 2005, da aka hana masu gadin majalisar dokoki a Kanbera, babban birnin ƙasar, kiran baƙi da ita, surutun da ya biyo baya ya sa aka janye umarnin cikin kwana ɗaya.

A gayyata ake gane abota ta gaskiya. Idan aka gayyace ka "barbie" da "arvo", gashin nama ne da la'asar a bayan gida, kuma idan aka ce "bring a plate", abinci za ka kawo a ci tare, ba faranti fanko ba. Wanda ya ce "my shout" shi zai biya wa kowa abin sha, amma bashi ne ya hau kanka, saboda haka ko lemo kaɗai kake sha, ka biya idan layi ya zo kanka, domin mai zamewa ba ya daɗewa bai yi baƙin jini ba.

Ɓangaren soyayya ya fi buƙatar kunne. "Catch up" haɗuwa ce ta hira kawai, amma "hook up" takan nufi abin da ya wuce hira nesa ba kusa ba, kuma a ganina gara ka bar ta gaba ɗaya. Idan aka ce wata tana "keen on you", ta ƙyasa ne. "Crack on to" kuwa shi ne tunkarar mutum da zancen so, "pash" kuma sumba ce.

Idan abokin karatunka ya gabatar maka da "partner" ko "missus" ɗinsa, wato abokiyar zamansa, kada ka tambayi ranar ɗaurin aure, domin wataƙila zaman "de facto" suke yi, wato zama tare ba aure, wanda dokar ƙasar ta amince da shi.