Inji ya nuna sifili, amma sitiyari na rawa

Oga, Corollar nan da na yi wa balansin, injin balansin ya nuna sifili ciki da waje a tayoyin gaba duka biyu. Mai ita ya dawo ya ce da zarar ya kai gudun kilomita 90 sitiyari na kaɗa masa hannu kamar da. Injin ne ya lalace, ko in ƙara darma?

Kar ka ƙara ko giram ɗaya, yarona, kuma kar ka yi saurin ɗora wa inji laifi. Injin balansin irin naka nauyi kaɗai yake aunawa: wane gefe ne ya rinjaya, giram nawa za a sa a ɗaya gefen. Ba ruwansa da ko tayar a zagaye take ko ta yi tudu. Ƙwai ma in ka manna masa darma zai iya nuna maka sifili, amma mirgina shi a ƙasa ka ga yadda zai riƙa tashi yana sauka. Taya mai lamba 195/65R15 kewayenta ya kusa mita 2, don haka a gudun kilomita 100 tana juyawa wajen sau 14 a daƙiƙa ɗaya. In tana da tudun milimita 2, sau 14 ke nan tudun zai bugi kwalta kowace daƙiƙa, bugun ya haura har hannun direba. Darma ba ta sare tudu.

Kafin ka ɗauko jak, zaunar da mai motar ka yi masa tambayoyi. A wane gudu rawar ke farawa? A ina yake jin ta? In a sitiyari ne, nemi tayoyin gaba. In a kujera ne ko ƙarƙashin ƙafa, na baya ne. Rawar da ke shigowa tsakanin 80 da 110, wani lokaci ta lafa in an wuce nan, yawanci ta rashin balansin ce. Wadda ake ji tun a 30 ko 40, mota na rangaji, sitiyari na zuwa hagu da dama a hankali, wannan taya ce ta karkace ko rim ya lanƙwashe. In kuwa sai ya taka birki yake ji, bar tayar nan ka duba faifan birki. In sai ya ba ta wuta, ta daina in ya ɗaga ƙafa, dubi shaf, wato sandar da ke juya tayoyin gaba.

To, sai awo. Ka sa a zaga da motar kamar kilomita 15 zuwa 20 tayoyin su yi zafi, tana dawowa ka ɗaga ta nan take. Dalili kuwa, taya in ta daɗe a tsaye wuri ɗaya, wajen da ya taka ƙasa yakan baje. Motocin da aka sauko da su daga jirgin ruwa suka yi watanni a fake sun fi kowa wannan. Irin wannan bajewar tana warwarewa da kanta in roba ta ɗau zafi, amma in ka auna tayar da sanyinta za ta yi maka ƙarya, ka kuma yi balansin a kan ƙarya. Bajewar da ba ta tafiya ita ce ta jan birki, inda taya ta tsaya cak kwalta ta kankare mata wuri ɗaya. Wannan hannunka ma zai ji ta in ka shafa.

In akwai agogon awo, kafa shi a tsakiyar tafin taya. Ka fara zagaye tsakiyar da salatif don kada bakin agogon ya riƙa faɗawa cikin zane. In babu agogo, ɗauko bulo ko guntun katako ka ajiye gaban tayar, ka danne alli a kai yadda ba zai motsa ba, bakinsa na dab da roba. Juya tayar da hannu sannu a hankali, kana matso da allin kaɗan kaɗan. Inda ya fara shafa, nan ne tudun. Bar allin a nan, ci gaba da juyawa har inda tazara ta fi faɗi. Kaurin katin ATM milimita 0.76 ne. In kati biyu a haɗe suka shige tsakanin alli da taya, ka kai milimita 1.5, kuma a ƙaramar mota daga nan direba ke fara ji. Yi haka a kumatun tayar ma, don ka ga ko tana kaɗawa gefe da gefe.

Ka sami tudu, saura ka san na wane ne, taya ko rim. Fara da abin da ya fi sauƙi. A kumatun kowace taya, dab da bakin rim, akwai wani siririn layi da ya zagaye ta. Bi shi da ido. Tazararsa da bakin rim dole ta zama ɗaya a ko'ina, ciki da waje. In ya nutse a wani wuri, bakin tayar bai zauna ba, kuma wannan aikin mai haɗawa ne, ba laifin kamfani ba. Sace iskar, karya bakin, goge tsatsar da ke kan rim da buroshin waya, shafa ruwan sabulu a baki biyun, sannan ka sake busawa. Ban da baƙin mai, yana cin roba, yana kuma sa taya ta zame a kan rim balansin ya tashi a banza. Wajen zaunar da baki kar matsin iska ya wuce fam 40 (PSI 40). In bai zauna ba a nan, sauke ka sake shafawa, kar ka tsaya a kanta kana ƙara iska.

Layin ya zauna daidai amma tudu na nan? Sai ka juya tayar a kan rim. Babu rim ɗin da yake zagaye tsaf, babu kuma irin wannan tayar. In tudun taya ya hau kan tudun rim, su biyun sukan haɗu su yi yawa. In tudun taya ya faɗa inda rim ya yi ƙasa, sai su cinye juna. Ka yi alama da alli a jikin taya inda tudun yake, ka yi wata a kan rim daidai wurin. Karya baki, juya tayar rabin zagaye ba tare da ka cire ta ba, busa, sake aunawa. In ya sauko ƙasa da milimita 1.5, ka gama. In tudun ya bi alamar taya, tayar ce. In ya tsaya wajen alamar rim, rim ɗin ne. In ya ragu amma bai isa ba, gwada kwata zagaye. Sabuwar taya takan zo da ɗigo don rage maka wannan wahalar. Rawaya shi ne inda ta fi rashin nauyi, a saita shi da bawul. Ja shi ne tudunta, a saita shi da alamar da ke kan rim in yana da ita. Rim kuwa, leƙa bakinsa na ciki, can ne rami ya fi lanƙwasawa, kuma ba a gani daga waje.

Akwai tayar da ba a yi wa ko ɗaya daga cikin wannan. In ka juya ka ga zanen tafin na tafiya yana karkacewa, ko wani wuri ya kumbura, wayar ciki ce ta rabu da roba. Zafin kwalta, lodi fiye da kima, tafiya da ƙarancin iska da faɗawa rami su ke kawo shi, kuma ya fi yawa a tayoyin gwanjo da suka tsufa kafin su iso. Don sanin shekarun taya, karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke kumatunta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2019. Wasu za su ce a mayar da ita baya a ci gaba da lallaɓawa. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, don tayar baya in ta fashe a guje ta fi ta gaba wuyar riƙewa. Nuna wa mai motar kumburin da idonsa, ka ce ya canja.

Duk lokacin da ka motsa taya a kan rim, balansin na baya ya mutu. Ɓamɓare tsohuwar darma duka, kankare lakar da ta bushe a cikin rim, ka girgiza tayar ka saurara, domin kwamfiresar da ba a zubar mata da ruwa takan tura shi ciki, kuma ruwa na yawo, kowane juyi lamba daban inji zai ba ka. In inji ya nemi fiye da giram 60 a gefe ɗaya na tayar ƙaramar mota, tsaya ka bincika kafin ka manna. Injin naka kuma ga yadda za ka gwada shi: bayan ya nuna sifili, sassauta, juya wilin rabin zagaye a kan sandar injin, ɗaure, sake kunnawa. In ya nemi fiye da giram 10, ko kon ɗin da ka sa ya riƙe tsakiyar wili bai dace da ramin rim ba, ko injin na buƙatar saiti.

Wajen mayarwa jikin mota, goge tsatsar fuskar hob, wato inda wili ke zama, tukuna. In rim ɗin sawa aka yi ba na motar ba, duba ramin tsakiyarsa. In ya fi hob faɗi, wilin zai zauna a karkace komai kyan balansin, sai an sa zoben da zai cike tazarar. Ɗaura notuna da hannu tun motar na sama, kana tsallake ɗaya kana kama na gaba da shi, sannan ka sauke ka ƙarasa da sifana mai awo. Corolla 103 Nm take so a ma'aunin sifanar. Fara da tayar gaba ta hannun dama, ita ta fi shan bakin titi.