Tambayoyin Masu Karatu: Malamin Turanci a Jidda da Jita-jitar Ɗakin Malamai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi da ke Jidda, shekarata huɗu ke nan, albashina riyal 8,000, kuma ina zaune da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Kusan kowace safiya sai wani ya miƙo mini waya a ɗakin malamai da sabon labari, yau a ce za a soke kuɗin da mu baƙi muke biyan gwamnatin Saudiyya a kan kowane mutum na iyalinmu, gobe a ce za a sallami malamai baƙi a ɗauki 'yan ƙasa. Hankalina ya ƙi kwanciya, har ina tunanin in ajiye aikin mu tattara mu koma Kano. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kwantar maka da hankali. Shawarata ita ce kada ka ajiye aiki a kan labarin da ba ka ga tushensa ba, domin a Saudiyya duk canjin da ya shafi baƙo yakan fito ne daga ma'aikatar ƙwadago ko hukumar fasfo da ake kira Jawazat, kuma za ka ga alamarsa a shafinka na Absher (manhajar gwamnati ta harkokin fasfo da izinin zama) ko na Qiwa (manhajar ma'aikatar ƙwadago ta kwantiragin aiki). Saƙon da bai ambaci hukumar da ta yanke hukunci da ranar fara aiki da shi ba, ka bar shi inda ka gan shi. Kada ma ka tura wa wani, saboda dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga mai yaɗa abin da aka ɗauka yana ta da hankalin jama'a, ga shi kuma kai baƙo ne mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Damuwarka a kan kuɗin iyali tana da hujja. An fara karɓarsa a watan Yulin 2017 a kan riyal 100 a wata ga kowane mutum, ana ƙara ɗari duk shekara har ya kai 400 a 2020, shekarar da harajin kayan saye ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Mutum huɗu ke ƙarƙashinka, wato riyal 1,600 a wata, 19,200 a shekara, kashi ɗaya cikin biyar na albashinka ke nan tun kafin ka biya haya ko kuɗin makarantar yara. Ka riƙa ware wannan kuɗi ranar da albashi ya shigo, domin ya fi ciwo idan ya taru ya riske ka gab da sabunta iƙama ko lokacin neman bizar fita da dawowa. Idan wata rana an rage shi, sai ya zama ajiya.

Shi kuwa tsarin fifita 'yan ƙasa da ake kira Nitaqat, tun 2011 yake, kuma akan bi shi ne sana'a bayan sana'a tare da ba da wa'adi. Abin da ya fi dacewa ka duba shi ne ranar da kwantiraginka zai ƙare a Qiwa.

A nan ne gaggawa za ta iya cutar da kai. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci kuɗin sallama, rabin albashin wata ga kowace shekara a shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka. A shekara huɗu ka tara kimanin riyal 16,000. Amma wanda ya yi murabus da kansa tsakanin shekara biyu da biyar, sulusi kawai yake samu, wato ɗan abin da ya haura 5,300, alhali in ka bari wa'adin kwantiragin ya cika za ka karɓi haƙƙinka duka. Ga kuma wata ƙofa da ba ka ambata ba: tun watan Maris na 2021 an sassauta dokar sauya wurin aiki, ta yadda wanda kwantiraginsa ya ƙare zai iya komawa wata makaranta ba tare da yardar tsohon mai gidansa ba. Malami mai shekara huɗu a aji, wanda ya san halin ɗaliban ƙasar, yana da abin da zai yi ciniki da shi, musamman idan ya nemi makarantar da ke rage wa 'ya'yan malamai kuɗi.

Kafin ka yanke shawarar komawa, ka duba labarin gida ma. Riyal tana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, ita kuwa naira, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sake ta a watan Yunin 2023, ta faɗo daga wajen 460 har ta haura 1,500 a kan dala ɗaya a 2024. Abin da kake aikawa gida ya ƙara auki a lissafin naira, ko da yake tsadar abinci da man fetur ta cinye wani ɓangarensa.

Wasu sukan mayar da iyali gida su zauna su kaɗai. Lissafi yana goyon bayan haka, amma ni ba na gaggawar ba da wannan shawara, domin yaro ƙarami da ya saba ganin mahaifinsa kullum bayan la'asar ba ya gane lissafin riyal. Ku zauna da uwargida ku rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita na wata uku, kuma idan har tafiyar ta zama dole, ku bari yaran su kammala shekarar karatu, ku karɓi takardun sakamakonsu da hatimin makaranta kafin a buga muku bizar fita ta ƙarshe.