Lissafi ya hana ni sakat a kemistiri

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen kemistiri. Hadda ba ta ba ni wahala, amma lissafi ya hana ni sakat. Zan iya digiri na biyu a haka?

Amsa: 'Yata, za ki iya, amma ba da hadda kaɗai ba. Darasin saurin haɗuwar sinadarai da na zafi da makamashi, duk a kan kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canzawa, suke zaune. Fara daga mol, ma'aunin yawan sinadari: giram 18 na ruwa mol ɗaya ne, wato ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Ki riƙa rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, don a nan ɗalibaina suka fi zubar da maki. A digiri na biyu kuwa, sakamakon na'urar NMR, mai binciken tsarin ƙwayoyin sinadari, za a miƙa miki, a ce fito da siffar sinadarin.